Babi na Shida: Zinariyar Busang

A birnin Kalgari na lardin Alberta, a yammacin ƙasar Kanada, an yi wani dillalin hannun jari mai suna David Walsh, wanda ya kafa ɗan ƙaramin kamfanin neman ma'adinai a shekarar 1989 ya raɗa masa suna Bre-X; da yake kuwa sa'a ba ta karɓe shi ba a farkon al'amari, har bashi ya kai shi ga bayyana karayar arziki a gaban hukuma, sai ya zamana ofishin kamfanin duka bai wuce ɗaki guda a ƙarƙashin gidansa ba, hannun jarinsa kuma ana sayar da shi a kasuwar Alberta a kan abin da bai kai dala ɗaya ba. A shekarar 1993 ya tattara ɗan abin da ya rage masa ya nufi Indunusiya, ya sadu da wani tsohon saninsa, John Felderhof, masanin duwatsu mai suna a cikin sana'ar, domin yana cikin waɗanda suka gano babban ma'adinin Ok Tedi na ƙasar Papuwa Niyu Gini a 1968. Felderhof ne ya ba shi shawarar ya sayi haƙƙin bincike a wani yanki na kurmin Kalimantan ta Gabas, a tsibirin Borniyo, kusa da wani rafi da ake kira Busang, wurin da waɗansu kamfanonin Ostareliya suka riga suka huda ƙasarsa a shekarun baya, ba su ga abin da zai tsayar da su ba, suka kama gabansu. Shekara uku bayan wannan ciniki, ƙimar Bre-X a kasuwa ta haura dala biliyan 6 ta Kanada, alhali kuwa bai taɓa narka ko misƙali ɗaya na zinariya ya sayar ba.

Kafin mu shiga cikin labarin, wajibi ne mai karatu ya fahimci irin halittar da ake kira ƙaramin kamfanin haƙar zinariya, domin sunan yana ruɗin wanda bai saba da harkar ba. Galibin waɗannan kamfanoni, waɗanda ake ƙirga su da ɗaruruwa a kasuwannin Kanada da Ostareliya, ba su haƙar kome, ba su sayar da kome, ba su kuwa da ribar da za su raba wa masu hannun jari a ƙarshen shekara. Aikinsu nema ne kawai, watau su karɓi izini daga gwamnati a kan wani fili, su ɗauki masana, su yi hayar injunan huda ƙasa, su yi ta kashe kuɗi har aljihu ya bushe, sa'an nan su koma kasuwa su buga sababbin hannayen jari su sayar domin a sami na ci gaba. Kowane sabon hannu da aka buga kuwa yana rage rabon wanda ya riga ya saya, kamar yadda gado ke ƙanƙancewa gwargwadon yawan magada. To, ina ribar take? Gina mahaƙa ta sosai, da hanyarta da wutarta da injin niƙanta da gidajen ma'aikatanta, aiki ne na ɗaruruwan miliyoyin dala da shekaru masu yawa, wanda ya fi ƙarfin ƙaramin kamfani. Manyan kamfanoni kuma, da yake kowace oza da suka fitar ta rage abin da ke cikin ramukansu, tilas ne su riƙa neman sabon wuri, in ba haka ba wata rana su wayi gari ga injuna babu dutsen niƙawa. Saboda haka burin ƙaramin, tun ranar da aka haife shi, shi ne ya gano abin da zai sa babba ya zo ya saye shi da tsada, wanda ya sayi hannun jarinsa kuwa, ko ya sani ko bai sani ba, ranar wannan ciniki yake jira.

Abin da babban zai saya yana can ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ga kuma yadda ake ƙiyasta shi. Injin yana huda dutse da bututu mai haƙoran lu'ulu'u, ya gangara mita ɗari biyu ko uku ko fiye, ya fito da dutsen a mulmule, dogo kamar karan rake, wanda za mu kira ɓargon dutse. Al'adar sana'a, wadda kowane almajirin ilmin duwatsu ya haddace, ita ce a tsaga wannan ɓargo biyu a tsaye da zarto, a niƙa rabi a aika da shi ɗakin gwaji, a adana ɗaya rabin cikin akwatuna da lambarsa, domin duk wanda shakka ta kama daga baya ya zo ya sake gwadawa da kansa. Ɗakin gwaji shi zai faɗi giram nawa na zinariya ke cikin tan guda na irin wannan dutse, kuma giram ɗaya ko biyu a cikin tan, watau kilo 1,000, ya isa a ci riba da shi muddin dutsen yana da yawa kuma yana kusa da sama. Daga nan injiniyoyi su ɗauki sakamakon ramukan, su kintaci abin da ke tsakanin rami da rami, su ninka da faɗin wurin da zurfinsa, su fito da adadin oza, wadda nauyinta giram 31 ne da ɗan ɗori, watau misƙali bakwai da 'yan kai. Ashe ke nan dukan ginin, da adadin da farashin da cinikin, a kan 'yan buhunan dutse yake tsaye.

Mutumin da ke kula da waɗannan buhuna a Busang shi ne Michael de Guzman, masanin duwatsu ɗan ƙasar Filifin, tare da waɗansu 'yan ƙasarsu da ke aiki a ƙarƙashinsa. Tun daga ƙarshen 1993 sakamako mai faranta rai ya fara fitowa, adadi kuma ya riƙa hawa ba tsayawa: da fari ana zancen oza miliyan 2, zuwa farkon 1996 ana zancen miliyan 30, a watan Fabrairu na 1997 kamfanin ya bayyana miliyan 71, Felderhof kuwa ya ce zuciyarsa ta natsu da cewa za a kai miliyan 200. Oza miliyan 71 tan 2,200 ke nan na zinariya, kusan abin da dukan mahaƙun duniya ke fitarwa a shekara guda a wancan zamani, kuɗinta kuwa bisa farashin lokacin ya tasam ma dala biliyan 25 ta Amurka. Wani sanannen kamfanin injiniyoyi, Kilborn, shi ke yin lissafin, sunansa kuma ya sanyaya zukata da yawa, ko da yake lissafin nasa a kan sakamakon da Bre-X ya miƙa masa ya gina shi. Hannun jarin da a da bai kai dala ɗaya ba ya haura dala 280 a cikin 1996, bisa lissafin kafin a raba kowane hannu gida goma. Kamfanin ya shiga babbar kasuwar Toronto, aka kuma saka shi cikin jerin manyan kamfanoni 300 na kasuwar, abin da ya wajabta wa asusai masu bin wannan jeri su saye shi ko suna so ko ba su so. Masu nazari na manyan gidajen dillanci suka tafi kurmin, aka zaga da su, suka dawo suna yabo. A wani ɗan gari na Alberta mai suna St. Paul, manoma da masu kantuna suka wayi gari attajirai a kan takarda.

Kada mai karatu ya zaci masu hannun jarin nan sun kwana ba fargaba, domin shekarar 1996 ta ƙare musu ne cikin zullumi mai tsanani, illa iyaka zullumin ya fuskanci wata alƙibla dabam. Abin da ya hana su barci shi ne wa zai sayi kamfanin, da nawa, da kuma ko gwamnatin Indunusiya za ta bar musu rabon kirki. A dokar ƙasar ba a haƙar ma'adini sai da yarjejeniyar aiki wadda shugaban ƙasa ke amincewa da ita, Bre-X kuwa bai mallaki wannan takarda ba a kan ɓangaren da aka ce ya fi albarka; kuma a zamanin Shugaba Suharto, wanda ya shekara kusan talatin yana riƙe da ƙasar, babbar harka ba ta wucewa sai ta bi ta ƙofar iyalinsa ko ta aminansa. Kamfanin Barrick na Toronto, wanda Peter Munk ke shugabanta, wanda kuma ke da tsohon shugaban Amurka George Bush babba da tsohon firayim ministan Kanada Brian Mulroney cikin masu ba shi shawara, ya ƙulla alaƙa da babbar 'yar Suharto, Tutut. Bre-X ya mayar da martani a watan Oktoba da ɗaukar kamfanin ɗan Suharto, Sigit, a matsayin mai ba da shawara bisa ladan dala miliyan 40. A watan Nuwamba aka sanar cewa gwamnati tana son Barrick ya karɓi kashi 75 cikin 100 na rabon, a bar wa Bre-X kashi 25, sai masu hannun jari suka yi ca, suna cewa ana so a ƙwace musu dukiyarsu da rana tsaka. Wani babban kamfanin Kanada, Placer Dome, ya shigo da tayin haɗewa da Bre-X. Daga bisani Mohamad Hasan, wanda aka fi sani da Bob Hasan, attajirin katako kuma aminin Suharto, ya shiga tsakani, ranar 17 ga Fabrairu, 1997, aka bayyana sulhu: Bre-X ya riƙe kashi 45, kamfanonin da ke hannun Hasan kashi 30, gwamnati kashi 10, kamfanin Freeport-McMoRan na Amurka, mai babbar mahaƙar Grasberg a gabashin ƙasar, ya karɓi kashi 15 kuma shi zai gina mahaƙar ya gudanar da ita.

A ganina nan ne zuciyar al'amarin take, kuma nan ya kamata mu daɗe. Tsawon waɗannan watanni da ake kokawa, kowace jarida tana ƙirga kashi nawa wane zai samu, kowane mai hannun jari yana lissafin abin da aka zaftare masa, tambayar ko zinariyar tana nan ta koma tambayar da mai hankali ke jin kunyar yi. Yaya za a ce babu ita, ga Barrick yana neman ta ruwa a jallo, ga tsofaffin shugabannin ƙasashe cikin masu ba shi shawara, ga 'ya'yan Suharto suna jayayya a kanta? Malaman fiƙihu sun hana wani nau'in ciniki da suke kira najashi, watau mutum ya ƙara wa kaya taya ba don yana so ya saya ba sai don ya ruɗi wani ya saya da tsada. Abin da ya auku a Busang kuwa ya fi najashi sharri ta wata fuska, domin masu tayin nan da gaske suke, kuma gaskiyar kwaɗayinsu ita ce ta zama hujja a wurin na ƙasa da su. Ƙaramin mai hannun jari ya dogara da dillali, dillali ya dogara da mai nazari, mai nazari ya dogara da lissafin injiniyoyi da kuma ɗokin manyan kamfanoni, manyan kamfanonin kuma suna tsoron kada abokin gasa ya riga su, har suka yarda su yi tayi tukuna su bincika daga baya. In aka bi wannan isnadi daga ƙarshensa zuwa farkonsa, za a tarar kowa daga wani ya karɓa, har a kai ga mutane ƙalilan da buhunan suka kwana a hannunsu tsakanin kurmi da ɗakin gwaji. Masu ilmin riwaya sun daɗe da sanin cewa labarin da dubu suka ruwaito daga mutum ɗaya, ƙarfinsa ƙarfin mutum ɗayan nan ne.

Alamu kuwa ba su ɓoyu ba ga wanda ya so ya duba. Bre-X ba ya tsaga ɓargon dutsensa biyu kamar yadda al'ada ta tanada. Yana niƙe shi duka sai ɗan guntu da ake ajiyewa, hujjarsa kuwa ita ce wai zinariyar Busang manyan ƙwayoyi ce a warwatse, in aka gwada rabi kawai sakamako ba zai inganta ba. Ma'anar wannan ita ce kusan babu abin da ya saura wanda mai shakka zai sake gwadawa. Buhunan kuma ba daga kurmin suke zarcewa ɗakin gwaji na birnin Balikpapan ba, sukan biyo kogi su sauka a birnin Samarinda, su jima a ma'ajiyar kamfanin. A watan Janairu na 1997 gobara ta tashi a sansanin Busang ta cinye takardun bincike masu yawa. Akwai kuma wata alama wadda ta fi waɗannan duka bayyana, ita ce siffar ƙwayoyin zinariyar kansu. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu wankin zinariya a rafukan ƙasar Zamfara ko Birnin Gwari ya san zinariyar rafi dabam take da ta dutse: wadda ruwa ya daɗe yana mirgina ta cikin yashi takan mulmule, gefenta ya yi sumul, wadda aka fasa dutse aka fitar kuwa takan zo da kaifi da tsini, galibi ma ƙanana ƙwarai, manne da mahaifarta. Rahoton gwajin da aka yi wa kamfanin a 1996 ya ambaci cewa ƙwayoyin Busang manya ne, a mulmule, masu sauƙin rabuwa da dutse, aka karanta wannan a matsayin bushara, domin yana nufin tace ta ba zai yi tsada ba.

Freeport ne ya fara yin abin da ya kamata a yi tun shekara uku da suka wuce. Kafin ya zuba kuɗinsa ya aika da ma'aikatansa da injinsa, suka huda ramuka bakwai dab da waɗanda Bre-X ya ce sun fi albarka, suka riƙe ɓargon a hannunsu, suka kai shi ɗakunan gwajin da suka zaɓa da kansu. A daidai wannan lokaci, cikin watan Maris, shugabannin Bre-X suna Toronto wurin babban taron shekara na masu neman ma'adinai, inda aka ba Felderhof lambar girma ta gwarzon mai nema na shekara. Da sakamakon farko ya fito wa Freeport babu kome, suka aika wa de Guzman ya komo ya yi musu bayani. Ranar 19 ga Maris, 1997, yana cikin jirgi mai saukar ungulu daga Samarinda zuwa Busang, ya faɗo cikin kurmi. Bayan kwana huɗu aka tsinci gawa wadda namun daji suka riga suka taɓa, hukuma ta ce shi ne kuma kansa ya kashe, ko da yake har yau akwai masu jayayya da wannan hukunci. Ranar 26 ga Maris Freeport ya sanar da duniya cewa zinariyar da ya samu a ramukansa ba ta kai abin ambato ba. Kashegari, da aka buɗe ciniki a Toronto, hannun jarin Bre-X ya zubar da fiye da kashi huɗu cikin biyar na ƙimarsa, yawan masu son sayarwa kuma ya durƙusar da kwamfutocin kasuwar.

Abin tausayi shi ne jama'a da yawa ba su gaskata ba. Walsh ya tsaya kai da fata cewa zinariya tana nan, aka yi ta yaɗa cewa makirci ne tsakanin Freeport da manyan Jakarta domin a karya farashi a sayi Busang da araha, waɗansu kuma suka ce hanyar gwajin ce ta bambanta. Da yake watanni shida da suka gabata sun koya wa mutane cewa lalle akwai masu son ƙwace musu rabonsu, wannan zance ya shiga kunne da sauƙi, har waɗansu suka ƙara saye a kan sabon farashi suna ganin garaɓasa ce. Ban ga wautar waɗannan mutane ba. Na ga dai yadda tsoro na gaskiya, in ya riga ya cika zuciya, ke hana wani tsoron wurin zama. Sai da wani kamfanin bincike mai zaman kansa na Toronto, Strathcona, a ƙarƙashin Graham Farquharson, ya huda nasa ramukan cikin tsaro mai tsanani, aka bayyana rahotonsa ranar 4 ga Mayu, sa'an nan magana ta ƙare: babu ma'adinin zinariya mai amfani a wurin, zinariyar da ke cikin samfurin daga waje aka barbaɗa ta, algus ɗin kuma ya kai girman da ba a san irinsa ba a tarihin haƙar ma'adinai. Cikin 'yan kwanaki hannun jarin ya koma ba a bakin kome ba, aka cire kamfanin daga kasuwa. Masu binciken da kamfanin ya ɗauka daga baya suka ɗora alhakin a kan de Guzman da waɗansu na hannunsa, aka kuma ruwaito cewa da fari da kankararriyar zinariyar ado aka soma, daga baya aka koma sayen ta rafi daga hannun masu wanki na yankin.

Mai karatu zai so ya san yadda ɗan abin da ke shiga aljihu zai haifi tan 2,200, lissafin kuwa ba shi da wuya. A ce buhun samfuri yana da nauyin kilo 10, ana kuma son ɗakin gwaji ya ce akwai giram 3 a kowane tan. Giram 3 cikin kilo 1,000 daidai yake da kashi uku cikin ɗari na giram guda a cikin kilo 10, abin da bai fi a lakato shi da bakin farce ba. Giram ɗaya tak ya isa buhu talatin da uku. Kowane buhu kuma wakili ne na dubban tan na dutsen da ke kewaye da raminsa, wanda ba wanda ya gani, ba kuwa wanda zai gani sai bayan an gina mahaƙa. Wahalar aikin ba ta wajen yawan zinariyar take ba, tana wajen auna ta: dole mai barbaɗawa ya san ilmin duwatsu sosai, ya zuba da yawa inda dutsen ya yi kama da mai ɗauke da zinariya, ya rage inda bai yi ba, ya daidaita rami da maƙwabcinsa, shekara uku da ɗoriya, domin taswirar da za ta fito ta yi kama da halittar Allah. Ɗakin gwajin bai yi ƙarya ba, abin da aka kawo masa ya auna. Injiniyoyin ma ba su yi kuskuren lissafi ba.

Akwai wata mas'ala a cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wadda almajiran fiƙihun Malikiyya na ƙasarmu ke wucewa ta kanta a babin ciniki, da nakan tuna duk lokacin da na karanta labarin Busang. An hana sayar da ƙurar maƙerin zinariya, watau sharar da ake tarawa a maƙerarsa wadda ake tsammanin akwai ɓurɓushin zinariya a ciki, saboda jahiltar abin da ta ƙunsa. Amma an halatta sayar da ƙasar ma'adini, da sharaɗin kada a biya da jinsin abin da ke cikinta, masu sharhi kuma suka ce gararin da ke cikinta mai sauƙi ne. Abin da na fahimta daga wannan bambanci shi ne ƙasar ma'adini tana nan yadda aka halicce ta, masu sani suna iya duban ta su ƙiyasta, ƙurar maƙera kuwa hannun mutum ya riga ya ratsa ta, mai ita ya san abin da mai saye bai sani ba. Waɗanda suka sayi Bre-X sun ɗauka ƙasar ma'adini suke saye, da gararinta wanda kowane mai wannan harka ya yarda da shi, domin neman zinariya dama cinikin biri a sama ne kuma ba aibu ba ne mutum ya shiga da idonsa a buɗe. Alhali abin da aka auna musu ƙura ce da ta kwana a ɗakin wani.

Hasarar ta faɗa a kan waɗanda ba su taɓa jin sunan Busang ba. Asusun fanshon malaman makarantun lardin Ontariyo ya yi hasarar kimanin dala miliyan 100 ta Kanada, babban asusun ajiya na lardin Kwibek miliyan 70, asusun ma'aikatan ƙananan hukumomin Ontariyo miliyan 45, ban da dubban ɗaiɗaikun mutane da suka zuba ajiyar tsufansu, waɗansu ma da kuɗin rance. Ƙananan kamfanoni masu gaskiya su ma suka sha ukuba, domin masu kuɗi sun guje wa harkar baki ɗaya, ga shi farashin zinariya ya faɗi ƙasa da dala 300 kafin ƙarshen 1997, ya ci gaba da gangarawa har kusan dala 250 a 1999.

Hukumomin Kanada suka fito da sabuwar ƙa'ida mai lamba 43-101, wadda ta fara aiki a watan Fabrairu na 2001. Ta wajabta cewa duk bayanin da kamfanin ma'adinai zai yi wa jama'a a kan abin da ke ƙasarsa, sai ya fito ta hannun ƙwararre sananne, injiniya ko masanin duwatsu mai aƙalla shekara biyar a aikin, ɗan ƙungiyar sana'a da ke iya hukunta shi, wanda zai sa sunansa ya faɗi yadda aka ɗebi samfuri da yadda aka tabbatar da shi. Ta kuma raba tsakanin abin da ake zato, da abin da alamu suka nuna, da abin da aka auna, sa'an nan ta raba duk waɗannan da abin da nazari ya tabbatar za a iya haƙowa a ci riba. Wannan rabewa ta ƙarshe ita ce mai hannun jari ya fi bukata, domin zinariya tana iya kasancewa a ƙasa da gaske amma kuɗin fitar da ita ya fi kuɗinta. Ƙa'idar ta toshe ƙofar da aka bi a Busang gwargwadon iko, sai dai ba ta sauya ɗabi'ar sana'ar ba: har yanzu galibin ƙananan kamfanoni ba za su taɓa gina mahaƙa ba, har yanzu da buga sababbin hannaye suke rayuwa, kuma har yanzu jita-jitar cewa wani babba yana zawarcin kamfani tana ɗaga farashinsa fiye da yadda rahoton rami ke ɗagawa.

David Walsh ya koma tsibiran Bahamas yana mai cewa shi ma yaudararsa aka yi, ya rasu a can a watan Yuni na 1998 sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. A 1999 'yan sandan tarayyar Kanada suka rufe bincikensu ba tare da sun tuhumi kowa ba. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Ontariyo ta gurfanar da John Felderhof bisa zargin sayar da hannayen jari na kimanin dala miliyan 84 a 1996 alhali yana riƙe da labarin da jama'a ba su sani ba, da kuma fitar da bayanai masu ɓatarwa. Shari'ar ta soma a shekarar 2000, ta yi ta jan ƙafa har watan Yuli na 2007, alƙali ya wanke shi daga dukan tuhumomin. Felderhof ya ƙare kwanakinsa a ƙasar Filifin, ya rasu a 2019 yana nan a kan bakansa cewa bai san da algus ɗin ba. Babu kotun da ta taɓa hukunta wani mahaluki a kan barbaɗa zinariya cikin buhunan Busang.